Ya Ce Zai Leƙa Bayan Duwatsu

…kuma ai cewa ka yi ba za ka daɗe ba, Wilfrido. Da bakinka. "Zauna nan, 'yar baƙa, bari in leƙa bayan duwatsun can in ga kififiyar da ake ta faɗa." Na zauna. Ni da ma zama na iya. Jaka a cinya, ƙafa cikin rairayi. Inuwar rumfar nan ta tashi daga kaina ta koma bayana, ban ko gusa ba, kada ka dawo ka rasa matarka.

Ga motar da za ta mayar da mu jirgin ruwa can ta juya kai. Mutane na kakkaɓe tawul, ana kiran yara. Duk wanda ya shiga ruwan nan ya fito — mai tumbin nan ya fito, tagwayen sun fito, har tsohon da ake riƙe wa hannu — saura kai.

Ruwan ma bai yi kama da mai cin mutum ba. Garau, kamar ka ɗiba ka sha. Namu na gida, Cartagena, ko ba komai yana da duhu, yana ce maka ka kiyaye. Wannan na tsibirin Curaçao murmushi yake yi. Nan kusa kore-kore, can bayan duwatsu sai ya rikiɗe ya yi shuɗi mai nauyi… kuma can ka nufa. Ka iya iyo? Ka iya na kogi, na yara masu tsalle daga kan gada. Wannan ba kogi ba ne, Wilfrido.

Ranar da muka shiga jirgi, da aka tara mu aka saka mana rigunan ceto, ka yi ta dariya wai na koma gwanda. Kai ka ɗaure mini igiyar, ka ja sosai har na ce wash. Ba ka sassauta ba. Na ce tsoron jirgi ne.

Ga Doña Etelvina tafe, tsohuwar da muke cin abinci tebur ɗaya da ita, da hularta kamar faifai. Wai in tashi, wai mijina yana can rumfar giya, wai nata marigayin sau nawa jirgi na kusan barinsa a kan haka. "Ke dai taso, amarya. Namiji a kwalba yake nutsewa, ba a teku ba." Ta kwashe da dariya. Ni ma na yi mata murmushi. Me ya sa nake murmushi? Tun da aka haifi 'yarmu Saray ko ɗigo ba ka ƙara sha ba, amma ban gaya mata ba. Ban taɓa iya gyara wa babba magana ba.

In tashi in je wurin mai ceton can, mai usur a wuya? Yana jin harshenmu, na ji shi ɗazu yana tsokanar mai sayar da kwakwa. Taku kaɗan ne. In ce masa mijina… in ce… ga ni dai a zaune. Kowa zai juyo ya kalle ni, kamar daren da na ɗauki cokalin da ba shi ba a wurin cin abinci — haba ke Yurleidis, miji na ƙarƙashin ruwa kina tunanin cokali?

Babur ɗin. Ka sayar da babur ɗin. Mama ta ce wane mai hankali ne zai sayar da abin da yake acaɓa da shi don ya je kallon ruwa? Ranar na ɗaga mata murya, ni da ban taɓa ba. Na ce saboda ni ne. Na ce bayan aurenmu ko bakin gari ba ka kai ni ba, shi ne kake so ka rama. Ka kwance ɗan hoton Budurwa Maryamu ta Carmen daga kan babur ka rataya a wuya, na ce to, ko a teku za ta tsare shi. Uwa Maryamu, ki tsare shi. Ki ɗago masa kai. Carbina — ina carbina? Yana cikin jaka, ƙarƙashin tawul, bari in —

Wandonka.

Jan gajeren wandon iyon da na sayo maka a kasuwar Bazurto. Ga shi a naɗe yadda na naɗe shi da safe. A bushe. Ga silifarka, ƙafa biyu, ko rairayi babu.

To da me ka tafi?

Dogon wando. Na gani. Takalmi sau-ciki, na aiki, da safa — wa yake zuwa bakin teku da safa? Na gani tun a ɗaki, na buɗe baki na rufe. Riga a kan riga, cikin wannan zafi. Wurin karin kumallo ka ci kamar ba za a sake dafawa ba, ka naɗe burodi da cuku a takarda ka tura aljihu, ka kashe mini ido. Na ji kunya, na duba ko ma'aikatan sun gani. Duk na gani. Kullum ina gani, sai in ajiye, in yi ta ajiyewa…

Arnulfo. Ɗan kawunka da ke aikin gini a tsibirin nan ba takardar izini. Shi ne kake fita tsakar gida kana magana da shi ƙasa-ƙasa, in na leƙo ka ce ƙwallo kuke taɗi. Da muke tahowa a mota, akwai wata 'yar hanya cikin ƙaya da ta zagaya bayan duwatsun nan, da wata farar a-kori-kura a tsaye. Ka juya kana kallonta har muka sha kwana.

Da Saray. Na roƙe ka mu taho da ita, ka ce a'a, a bar ta wurin Mama, teku ba wurin yara ba ne. Ranar tafiya ka ɗauke ta ka yi ta shinshina kanta, mai tasi na ta danna ham, ba ka sauke ta ba sai da ta yi kuka. Ka san in tana can dole in koma. Ka san ba zan bi ka cikin ƙaya ba. Ashe duk ka auna ni, Wilfrido… ka san ko na gane ba zan yi magana ba.

Amma idan ba haka ba ne fa? Idan tuɓewa ka yi a kan dutse ka faɗa da ɗan kamfai, yadda kake yi a kogi? Idan kayanka na can a ajiye, takalmi gefe da gefe, kai kuma —

In na ce kana cikin ruwa, za su busa usur, su fito da kwale-kwale, su kira 'yan sanda. Za su duba ruwa su rasa, su koma kan hanya. Su tsinto ka a bayan mota da burodi a aljihu, su maido ka gida da ankwa, ba babur, ba komai, kuma ni na yi. In na yi shiru, kana ƙasa, ruwa na shiga bakinka, ni ina cikin mota mai sanyi kusa da Doña Etelvina…

Jagoran tafiyar na ƙirga kawuna. Ya sake ƙirgawa. Ya juyo. Yana tahowa, rairayi na cin takalminsa, yana murmushin aiki.

"Señora, maigidan fa?"

Wandon na dunƙule a hannuna, na matse shi ko zai ɗiga. Bai ɗiga ba. Uwa Maryamu, ji abin da nake roƙo — ki sa guduwa ya yi. Ki sa barina ya yi. Ni ce yau nake roƙon mijina ya bar ni…

"Señora?"

Bakina a buɗe yake. Na ji ya buɗe. Ban san wace magana ce za ta fito ba.