Tukunyar Baba Tankari

Saura kaɗan hannun mai gidan haya ya kai ga soket, Ma'azu ya tare shi.

"Laoban, dakata," in ji shi, yadda ake kiran mai gida da Sinanci.

Mai gidan, wani Basine gajere, ya nuna agogo, ya nuna ƙofa. Tun hantsi aka fita da gawar Baba Tankari, sabon ɗan haya kuma yana ƙasa da kayansa. Ma'azu, maƙwabcin marigayin mai sarin riguna a kasuwar Baima nan ƙasar Sin, ya ja kujera ya zauna daram gaban kwamfutar marigayin.

Tsohuwa ce tukuf, ta zamanin kaset, haɗe da 'yar talabijin. Wasa ɗaya ke cikinta, na sarrafa tukunyar nukiliya: zanen bututu, famfon sanyaya ta, sandunan rage mata wuta da lambobin zafi, shi ke nan. Tankari mutumin Maraɗi ne. Shekara goma sha biyu ya yi yana haƙar yuraniyom kafin ya kama fatauci, can ya kwaso tarin da ya cinye shi.

"Mu muka haƙo, mu muka shaƙa, ko hoton tukunyar ba a nuna mana ba," in ji shi kullum. "To ga tawa. A zo a kore ni."

Ma'azu ya sha yi masa tsiya, wai tsoho da furfura yana wasan yara. Amma jiya, da numfashi ya fara gagara, tsohon ya riƙe masa hannun riga.

"Ɗana, ba a fizge mata waya. Sanduna ake saukarwa ɗaya-ɗaya, famfo yana aiki, har ta huce. Mu rana ɗaya aka sallame mu daga aikin haƙa, da zafinmu. Kada a yi mata haka."

Yanzu mai gidan ya ciro waya, yana ambaton 'yan sanda. Bizar Ma'azu saura kwana biyu ta ƙare, amma bai tashi ba.

"Kira su. Sai ta huce."

Ya danna maɓalli, ashe famfon ya kashe. Allon ya yi ja, lambobi suka hau gudu. Ya yi salati, ya mayar da famfon, ya sauke sanda ta farko, ta biyu. Ɗari tara. Ɗari bakwai. Hawaye ya hana shi gani sosai, ya goge da hula.

Bai san lokacin da mai gidan ya ajiye wayar ba. Sai dai ya ji numfashinsa a kafaɗa, yatsansa yana nuna sandar da ta rage.

Da lambar ta tsaya, Ma'azu ya kashe. Hasken ya tattaru ya zama ɗigo fari a tsakiyar gilashi, ya ɗan jima kafin ya ɓace.