Hanyar Rugar Arɗo Hammadu

Tun da Zakiyya ta fara aikin allurar shanu, a bayan yayanta Auwal take zama a kan babur, kular magani a cinyarta, suna bin rugage a bayan duwatsun Jalingo. Ita ce mai takardar kiwon lafiyar dabbobi, shi ne mai hanya. Da Auwal ya sami aiki a Fatakwal, shugaban sashensu bai ɓoye mata ba. Rigakafin damina yana tafe. Idan ba za ta iya kai kanta rugar Arɗo Hammadu ba, wadda ta fi kowacce nisa, abokin aikinta Philemon zai karɓi yankin, ita kuwa ta koma tebur tana buga hatimi.

Ba ta roƙe shi ba. Ta ɗauki jakarta ta nufi unguwar Sarkin Dawaki, shagon Alhaji Abdulmuttalib, mutumin Kano da ya tsufa a garin yana sayar da kayan lantarki.

"Na'urar nuna hanya nake so, Baba. Wadda take aiki da tauraron ɗan'adam."

"'Yata, wayarki fa? Ga maƙalinta nan mai araha."

"Rana ta buge ta kaɗan sai ta suma. Ba ni da lokacin yi mata fifita a daji."

Ya fito da guda biyu. Ɗaya ta mota ce, mai faɗin fuska, ana shafa ta da yatsa, har magana take yi da muryar Baturiya. Ɗayar ƙarama ce, rawaya, mummuna, jikinta roba, da madannai masu tauri. Zakiyya ta tuna da hannuwanta bayan ta gama da garke: laka, miyau, kashin shanu. Ta ɗauki rawayar.

"Ka ce ruwa ba ya shigarta?"

"Haka aka rubuta a kwalin."

"Miƙo mini butarka."

Alhaji ya dube ta ta saman tabarau. "In ta mutu kin saya."

"In ta mutu ka yi mini ƙarya, Baba."

Ta tsiyaya mata ruwa. Fuskar na'urar ba ta ko ƙifta ba. Alhaji ya ce Allah ya shirya 'ya'yan boko, ya naɗe mata ita a leda.

Wajen Elias ta kai babur ɗin, bakaniken da ke ƙarƙashin mangwaro a Nukkai. Ya jujjuya na'urar, ya janyo robar tsohuwar taya.

"Malama, wannan zan ɗaure maka shi tamau. Ko rami ka faɗa ba zai motsa."

"Roba tana tsinkewa a rana. Maƙalin ƙarfe nake so, da noti."

"Kai ne zai tuƙa? Auwal fa?"

"Auwal ya gaji da ni."

Masu jiran gyara suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Elias ya fara ɗaurawa kusa da madubin hagu, ta hau babur ɗin, ta riƙe kansa, ta nuna masa cewa da iska ta kaɗa, hijabinta zai rufe wurin. Suka mai da ita tsakiya, a ɗan karkace don kada rana ta haske gilashin. Robar da ta ƙi ɗazu ta sa ya yanko siririya, ya shimfiɗa tsakanin maƙalin da ƙarfen babur don ta shanye girgiza. Wayar wuta kuma ta ce ta bi ta makulli, kada na'urar ta kwana tana shan batir. Notin ƙarshe ita ta ƙulle da kanta, har sifanar ta yi mata sawu a tafin hannu.

Kafin Auwal ya tafi suka yi zagaye ɗaya, ita a gaba, shi a baya. Rani ne, rafuka duk rairayi. Taswirar na'urar ta ƙare inda kwalta ta ƙare, daga nan sai fili fari, babur yana jan siririn layi a kai. A kowace ruga ta danna madanni, ta rubuta suna. Auwal ya so ya faɗa mata wani abu game da matan da ke kawo nono kasuwa, ta ce masa ya bari, yanzu tana da abin da ba ya mantuwa. Washegari ta raka shi tasha.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta tashi. Ranar rugar Arɗo ta fita da sassafe, kula ɗaure a baya, cike da ƙanƙara da kwalaben rigakafin ciwon huhu. Maganin nan in ya yi zafi ya tashi aiki. Ta bi layin da ta ja da rani, ta faɗi sau ɗaya a taɓo, ta tashi ba wanda ya ce mata sannu. Da hantsi alamar babur ɗin ta hau kan ɗigon da ta rubuta wa "Arɗo Hammadu".

Babu kowa. Sai da'irorin inda bukkoki suka tsaya, da turaku, da ciyawa koriya shar a inda garke ya daɗe yana kwana. Ta kashe injin. Shirun ya yi yawa har tana jin ƙarfen babur yana hucewa.

A nan ta gane abin da Auwal ya so faɗa. Ruga ba gari ba ce. Duk safiyar da yake tsayawa wajen masu nono yana wasa da su, ita tana tsaki a baya, tambaya yake yi ina aka koma.

Ta buɗe kular. Ƙanƙarar ta fara iyo a ruwa. Na'urar tana nuna mata hanyar gida sarai, layi ɗaya, ba kuskure. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sauka, ta zaga wurin a ƙafa har ta sami inda kofato ya tattake ƙasa ya miƙe wajen tudu. Ta tuɓe rigar ruwanta ta lulluɓe kular, ta tada babur.

Inda ya yi duwatsu ta tura shi. Inda rafi ya kawo ta ɗauki kular a ka ta haye, ta dawo ta ja babur ɗin, ruwa har gwiwa. Hijabinta ya yi nauyi, kafaɗarta tana zogi. A fuskar na'urar sabon layi yana tsawo a cikin farin fili.

Bayan azahar ta ji kukan maraƙi. Matar Arɗo ce ta fara ganinta, ta ajiye ƙwarya.

"Likita, wa ya nuna miki?"

"Shanunku, Inna."

Sauran ƙanƙarar bai fi ƙwan kaza ba, amma kwalaben da sanyinsu. Aka kama mata shanu ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarar da maganin. Da ta wanke hannu ta tambayi Inna yaushe za su sake tashi, kuma ina. Tsohuwar ta yi dariya, ta ce ta tambayi 'yarta Uwani ranar kasuwa, ita ke kai nono.

Ran Litinin ta gaya wa shugaban an yi wa garken Arɗo Hammadu allura. Ya ɗaga kai ya ce to, ya kira Philemon ya ba shi wani aiki. Ba wanda ya tambaye ta yadda aka yi. Ta fita wajen babur ɗin, ta tarar girgiza ta sassauta notin maƙalin, ta ciro sifana daga jaka ta tsuguna.