Inci Ɗaya da Rabi

Shekara arba'in da ɗaya Bibi Nyamizi ta yi tana ɗinki a bakin kasuwar Tabora, ba ta taɓa sallamar riga mai sakakken wuya ba. Ko mai rigar ta rantse cewa ta yi mata, sai Bibi ta zura yatsa tsakanin wuya da yadi. In biyu suka shige, riga ta koma kan keke.

Da ciwon daji ya fito mata a gefen wuya, ƙulli kamar ƙwan agwagwa, aka turo ta asibiti a Dar es Salaam gashin haske, sau talatin da biyar. Ranar farko aka tsoma wata farar roba mai raga-raga a ruwan zafi, aka shimfiɗa mata daga goshi zuwa kafaɗa, aka danna har ta sandare da siffarta. Masu jinya kwando suke kiran abin. Kullum da safe a kwantar da ita, a kifa kwandon, a maƙale shi da gado yadda ko gyaɗa kai ba za ta iya ba, don hasken ya sauka kan ƙullin, kada ya kauce ya ƙona lakar ƙashin wuya da ke bayansa.

Mai kifa mata kwandon wani magidanci ne, Pazi, ɗan ƙabilar Zaramo. Su da Nyamwezi, ƙabilar Bibi, abokan wasa ne tun kaka da kakanni, don haka ba sa raga wa juna.

"Bibi, yau ma bawanki ya kama ki a kwando kamar kaza."

"Ɗaure da kyau, malalaci. Kakanninku ko kaya ba su iya ɗaurewa ba, mu muka riƙa ɗauko muku daga Tabora a ka."

A mako na huɗu ta ji abin da ba ta so. Da aka maƙale kwandon, haɓarta ta sami wurin motsi, iskar fanka kuma tana shiga ta hagu tana shafar fata. Da ta koma gidan 'yarta Kabula, ta ciro tef ɗin awonta daga jaka, wanda lambobinsa suka koɗe amma ta san su da ka, ta zagaya wuyanta a gaban madubi. Ranar da ta iso garin ta auna, don hannun tela ba ya zama haka kawai: inci sha shida da rabi. Yau sha biyar.

Washegari a bencin jira ta faɗa wa Kalinga, tsohon direban jirgin ƙasa mai ciwon maƙogwaro, wanda ya riga kowa zuwa ya zama sarkin benci.

"Kul, yaya!" Muryarsa kamar ana goga gwangwani. "Kika buɗe baki sai su ce a sake hoto, a sake kwando, a sake lissafi. Wata biyu kika yi a layi kafin ki hau gadon nan. Likita ya fi ki sani. Ki ɗan tura haɓarki sama ki cike wurin, haka muke yi."

Haka ake ta faɗa wa marar lafiya a ko'ina: ka kwanta, ka yi shiru, masu ilimi sun gama tunani. Ba a cika tambayar wa ya ga sun gama ba. Bibi dai ta tsorata, don ta ji da kunnenta an ce fashin kwana ɗaya ma riba ce ga ciwon. Kwana biyu tana tura haɓa sama kamar mai leƙen katanga, tana jin kunyar kanta. Ita da ta kori yarinyar shago saboda ta cusa takarda a kafaɗar kwat!

Ran Litinin, ranar hawa sikeli, ta shiga da tef ɗin a wuya kamar carbi.

"Pazi, kwandonka ya yi mini yawa."

"Haba Bibi. Ga sikeli, rabin kilo kawai kika rage. Dokarmu sai mutum ya zube sosai ake sake awo. Kabula tana ɗura miki kunu da miyar ayaba kamar mai kiwon rago."

"Sikeli duwawuna yake aunawa ko wuyana?"

Nas ɗin da ke gefe ta toshe baki da hannu.

"Kifa mini," in ji Bibi. Ta kwanta da kanta. Ya kifa, ya maƙale. Wannan karon ba ta tura haɓa ba. Ta cikin raga, da leɓe a matse, ta ce, "Sa yatsanka ta hagu."

Ya sa. Biyu suka shige, na uku yana neman hanya. Wasa ya bar fuskar Pazi. Ya kwance ta, ya fita da sauri, ya dawo da Dakta Lyimo, wata siririyar mace mai tabarau wadda ba ta cika magana ba. Bibi ta nuna mata sha shida da rabi a tef, ta nuna sha biyar, ta riƙe tsakaninsu da farce.

"A daidai ina kike aunawa, Mama?"

"Inda wuyan riga yake zama, 'yata. Wuri ɗaya ne, ba ya ƙaura."

A ranar aka ɗauki sabon hoto. Da la'asar likitar ta juyo mata allon kwamfuta, ta nuna da bakin biro. Ƙullin ya motse, abin murna ne. Amma da ya motse fata ta faɗa ciki, hasken da aka lissafa wa wuya mai kauri ya fara zarcewa kusa da laka.

"Bai yi ɓarna ba tukuna. Da an ƙarasa a haka, ban san me zan ce miki ba."

Kwana uku aka dakatar da ita. Kalinga ya yi ta girgiza kai a benci, ita kuwa ta kasa cin abinci, tana shafa ƙullin ko ya fara dawowa. Likita ta ce za a rama kwanakin da Asabar-Asabar, kuma ba wanda ya taɓa gurbinta.

Ran Alhamis Pazi ya gwada mata sabon kwandon da ya haɗa. Ya tsaya a kanta, hannu a baya, kamar ɗan koyo a gaban mai shago. Bibi ta gwada haɓa, ba ta motsa ba. Ta ɗago hannu a hankali ta lalubi hagu, ta lalubi dama. Ko farce bai sami hanya ba.

Da aka gama gashin ranar aka kwance ta, raga ta zana mata fuska kamar tabarma. Ta zauna ta gyara ɗankwali.

"Yaya, Bibi?"

"Ba laifi. Da a shagona ne zan bar ka ka fara sa maɓalli."

A bakin ƙofa ta hangi sabon tef mai ruwan ɗorawa rataye a ƙusa kusa da sikeli. Ta ɗaga shi, ta ja shi, ta taɓe baki don irin mai miƙewa ne. Kalinga yana zaune shi kaɗai a ƙarshen benci, yana kallon ƙasa. Da ta zo wucewa ya kama bakin zanenta.

"Yaya," ya ce a hankali, "nawa ma yana ɗan rawa."

Bibi ta zare tsohon tef ɗinta daga wuya.

"Miƙe zaune. Ɗaga kai, ba sama sosai ba."