Iskar da Baba Ya Ƙi

Ranar da masu wuta suka yanke mana, ban ce uffan ba, don na san bakina: in na buɗe shi sai an kira 'yan sanda. Laifin ma ba namu ba ne. Mai waldar da ya yi haya a shagon ƙofar gidanmu, nan Ƙofar Atiku, shi ya taɓa mita, ya kwashe komatsansa ya gudu. Su kuwa suka kafa tsani, suka yanke gidan gaba ɗaya, suka naɗe wayar suka tafi da ita. Sau biyar ina zuwa ofishinsu. "Hajiya, a dawo jibi." Jibin da ba ya zuwa!

Ni na saba da zafi, amma Baba fa? Mahaifin namu, Malam Siddiƙu, ya haura tamanin, idanu sun tafi, ga ciwon zuciya. Likita ya ce kada a bar shi cikin zafi. A Sakkwato, a watan Afrilu! Kwana huɗu ba fanka, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto.

Ƙanena Jelani ya kasa jurewa. Ya ɗauko mai gyaran wuta, aka maƙalo waya daga falwaya ta bayan katanga. Fanka ta juya. Baba ya yi barci har da minshari, ni kuwa na shige madafa na yi kukan daɗi.

Da ya farka ya ce, "Sun maido wutar?"

"Sun maido, Baba," in ji Jelani, ko gezau.

 Mutumin da ya shekara hamsin yana karantar da jama'a cewa ko allurar wani haram ce, shi za a gaya wa gaskiya?

Daga nan, duk sadda motar masu wuta ta shigo unguwa, Jelani zai ruga da doguwar gora ya zare wayar. In sun wuce ya mayar. Muna ta ganin mun iya wayo.

Rana ta tara, bayan la'asar, Baba ya kira ni.

"Sadiyatu, zauna nan, ɗiyata. Mi ya sa duk sadda motar ga mai ƙarar tsani ta shigo, fankata ka tsayawa, injin niƙan maƙwabciyarmu Habiba kuwa na ta aiki?"

Innalillahi! Makaho ne, ba kurma ba. Mun manta.

"Wutar ga ta halal ta?"

"Baba, zalunci sunka yi muna."

"Ban tambaye ki abin da sunka yi ba."

Ban taɓa yi masa ƙarya ba, kuma bakin nan nawa da ba ya mutuwa, ranar ya mutu. Na ce, "A'a, Baba, ba ta halal ba ce."

 Sai ya laluba buzunsa da carbi, ya dafa bango, ya fita tsakar gida gindin darbejiya, inda ko ganye ba ya motsi. Jelani ya bi shi ya durƙusa yana kuka.

"Baba, don Allah ka koma ɗaki. Zunubin a kaina."

"Kai ka ɗauki zunubin, ni in sha iskar? Tai ka cire ta."

Ya cire. Washegari na koma ofis karo na shida, na yi roƙo, na yi masifa, har takardar likita na nuna. Jibi.

Yau kwana uku ina zaune kusa da shi da mafici. In hannun dama ya mutu in koma hagu, in na gaza Jelani ya karɓa. Zarton ya dawo ƙirjinsa, ƙafafunsa sun kumbura. Wallahi tsoro nake ji, kuma ban san wanda zan yi fushi da shi ba.

Ɗazu ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Huta, ɗiyata. Kin gaji."

"Ban gaji ba, Baba."

Ya yi murmushi. "Ga ki nan, ke ma kin koyi yi mini ƙarya."

Na zare hannuna na ci gaba da fifita.