Abin da Ajuma Ta Faɗa wa Balki

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe kadarkon Malanbil da ke kan iyakar ƙasa, garin Gaya ya yi sanyi. Kamiyoyi, manyan motocin kaya, suka jeru a gefen hanya har ciyawa ta tsiro ƙarƙashin tayoyinsu. Ƙaramin buro, wato ofishin fiton kaya, inda Balki take buga takardun duwan na kwastan aka sa masa kwaɗo, ma'aikata kowa ya kama gabansa.

Balki bazawara ce, tana zaune gidan ubansu a hannun wanta Alhaji Siddo, kuma Allah bai yi ta da zaman banza ba. Sai ta kakkaɓe tsohuwar odinatarta, wato kwamfuta, ta shiga karatu ta intanet a wata jami'ar Kiristoci can Kwatano a ƙetaren iyaka, fannin sauraren masu damuwa da ba su shawara. Ba don ta Kiristoci ce ta zaɓe ta ba. Ita ce ta samu mai koyar da abin ba sai mutum ya taka ƙafa ya je ba. Malamarsu takan buɗe darasi da addu'arsu, Balki ta rage muryar malamar ta yi bisimillarta, kowa ya gama da Ubangijinsa a shiga karatu. In rezon intanet ya ƙi, ta sauka bakin kogi inda na ƙetare yake kamawa, ta zauna cikin warin kifi tana rubutu. Alhaji Siddo bai so ba, amma ya ce ya fi yawon gulma.

To, da aka rufe kadarko fito duk ya koma kan ruwa. Maƙwabcinsu Labo masunci ne, ya ajiye taru ya kama ɗaukar mutane da buhuna a kwalekwale. Wata rana kaya ya fi ƙarfin jirgi, ruwa ya ci shi a tsakiya. Waɗansu sun fita. Labo ko gawarsa ba a gani ba.

Matarsa Ajuma ta shiga takaba a gidan surukarta Tani. Mata suka yi ta zuwa gaisuwa, mai Hausa ta ce sai haƙuri, mai Dandanci ta ce kala suru, duk magana ɗaya ce. Tani kuwa ta tsaya tsayin daka kamar ba ɗanta ne ya tafi ba. Ita ke tarbar baƙi, ita ke raba gumba, kuma duk wadda ta ga idonta ya kawo ruwa sai ta tsawata mata, ta ce hawaye wuta ne ga mamaci. Ajuma ta ji, ta bi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi magana ba, daga baya abinci ma ta daina taɓawa. Ana yabon haƙurinta, ita kuwa tana ƙarewa a kan tabarma.

Wannan yabon shi ya fi ƙona wa Balki rai. Ta fara shiga gidan da hantsi, ta zauna kusa da Ajuma. Ba ta ce mata sai haƙuri ba, don an riga an cika mata kunne da shi. Abu ɗaya ta faɗa mata tun ranar farko, wanda shi ne aka fara koya musu a karatun nan: duk abin da kika gaya mini, a nan zai tsaya, ko an ɗaure ni ba zai fita ba. Sannan ta yi shiru tana jira. Shirun nan ya ba ta wuya, don Balki mai baki ce, a kasuwa ko mai tumatir ba ya cin nasararta.

Ana nan, wata rana Ajuma ta buɗe baki. Abin da ta faɗa ba za a ji shi a nan ba. Babu maganar addini a ciki ko kaɗan, magana ce ta mata da miji da abin da ya shiga tsakaninsu da safen da ya fita, irin wadda in ta kai kunnen dangin miji mace ba ta ƙara ɗaga kai a garin. Da ta gama sai ta fashe da kuka, kuka mai sauti wanda ya tsallake katanga. Bayan la'asar ta nemi fura ta sha.

Furar ba wanda ya gani. Kukan kuwa unguwa duk ta ji. Kafin a kwana biyu magana ta gama gari: Balki ta shiga addinin mutanen ƙetare, tana bin gidajen makoki tana sa mata su zayyana zunubansu irin yadda ake yi a coci. Wani ma ya rantse ya gan ta bakin kogi tana magana da Kwatano, kuma a irin wannan lokaci da ake wa duk mai waya da ƙetare kallon ɗan leƙen asiri, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Alhaji Siddo ya kira ta zaure bayan sallar azahar. Ta tarar da Tani zaune a gefe, fuska a ɗaure.

"Balki," in ji shi, "kin san ban taɓa hana ki karatunki ba. Yanzu ga Inna Tani ta kawo ƙara. Abu mai sauƙi ne. Hwaɗi mi yarinyar nan ta ce miki, mi kika ce mata. In babu komi ciki, ni da kaina zan tahi masallaci in wanke ki."

"Abin da na ce mata zan faɗa, Yaya, don nawa ne. Na ce ina jin ta. Abin da ta ce mini kuwa nata ne."

"Ɗakin ɗana ne," Tani ta ce. "Matar ɗana ce. Mi za ta ɓoye mini ta hwaɗa wa 'yar maƙwabta?"

"Ki tambaye ta, Inna. In ta so ta gaya miki."

"Na tambaye ta. Ta ce ba komi."

"To ba komi ke nan."

Alhaji Siddo ya gyara zama. Ba mugu ba ne, mutum ne mai tsoron bakin jama'a, kuma bakin jama'a ya riga ya kai ƙofar shagonsa. Ya sassauta murya. "Ni kaɗai za ki gaya wa. Inna ta ba mu wuri. Ba ni ne babbanki ba?"

Nan ne abin ya yi wa Balki zafi, don tana son wanta, kuma ta san kalma uku za su ishe shi. Zai ji, ya ga babu coci a ciki, ya wanke ta, kowa ya huta. Sai dai ta san shi. Ba zai yi da mugun nufi ba, zai gaya wa matarsa ne kawai don hankalinta ya kwanta, daga nan kuma sai wurin awon gero.

"Yaya, ko Baba ne ya tashi daga kabari ba zan gaya masa ba."

"Ashe gaskiya ne abin da ake cewa. Sun koya miki taurin kai."

"Taurin kai a gidan nan na same shi. Su dai sun koya mini riƙe baki, kuma kunya nake ji da sai da na tsallaka kogi na koyo abin da malaminmu na allo ya sha gaya mana game da amana. Sallata biyar nake yi, kai shaida ne, tabarmata kusa da tagarka take. In wani yana son ya ji kalmar shahada a bakina, ya zo ya ji. Maganar Ajuma kam ba mai jin ta."

Ya ce to ta zaɓa, ko ta buɗe baki ko ta bar masa gida ita da odinatarta. Ya faɗa ne yana jiran ta durƙusa. Ta tashi ta shiga ciki ta ɗaure kayanta. Ta ji tsoro ƙwarai, bazawara ba gidan uba a Gaya ba abin wasa ba ne. Amma ba ta fita ta ƙofar baya ba. Ta zaure ta bi da ƙunshinta a ka, ta yi musu sallama yadda ya kamata.

Tsohon ubangidanta na buro ya ba ta makullin ɗakin ajiya, tun da babu kayan da za a ajiye. Ta share ƙura, ta shimfiɗa tabarma tsakanin tsofaffin kwalaye. Waɗanda da suke gaishe ta suka koma duban ƙasa in ta wuce. Gidan Tani aka hana ta shiga, sai dai ta ji a bakin mai tallar fura cewa Ajuma tana ci tana sha. Ta ci gaba da karatunta, tana sauka bakin kogi da rana tsaka kowa na gani, har ta daina rage muryar malamar.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka yi sallama a ƙofar ɗakin. Tani ce, da kwandon cefane a hannu. Balki ta miƙe, zuciyarta ta shirya wa faɗa.

Tsohuwar ba ta zauna ba. Ta dubi kwalaye, ta dubi rufin kwano. "Nan kike kwana?"

"Nan, Inna."

"Siddo ya ce ko yau kika hwaɗi, ki koma ɗakinki."

"Na sani."

"Ba za ki hwaɗi ba."

"A'a."

Tani ta daɗe a tsaye. Sannan ta leƙa waje, ta jawo ƙofa ta rufe, ta ajiye kwandon. Ta zauna a bakin tabarma da ƙyar, irin zaman mai ciwon gwiwa, ta kafa wa hannuwanta ido.

"Kowa na gaishe ni da ƙoƙari," ta ce. "Ni kuwa tun ran da ruwa ya ɗauke shi ban iya kallon kogi ba. Ko randa na buɗe sai in ga..."

Balki ta rufe odinatar, ta matso kusa da ita, ta yi shiru.