'Yan Ɗaya ga Janairu

Tun a mota Mahfuz ya ja mini kunne. "Juwairiyya, idan kika buɗe baki a gaban Dakta, ki nemi wani aikin."

Shi ne mai kamfaninmu. Ni kuwa aikina gwada manhaja kafin a miƙa wa masu ita, wato ni ce mai tonon aibu, wadda ba a son gani. Wannan karon manhajar ajiye bayanan majinyata muka yi wa wani asibitin kuɗi a Ƙofar Wambai, kuma na ƙi sa hannu. Mahfuz ya ce gwaji ɓata lokaci ne, Dakta ma ya taɓa tambayarsa me nake tsinanawa.

Da muka isa asibitin, muka tarar an jera kujerun bikin miƙa manhajar, har da lemo. Dakta Abdulbaqi, mai asibitin, na zaune tsakanin abokan haɗin gwiwarsa. Majinyata na kan benci suna jiran a gama su ga likita. Mahfuz ya yi ta danne-danne a allo, komai tsaf, ana ta gyaɗa kai. Aikin nan shi ne rufin asirin gidanmu, amma wallahi na san abin da ke cikin abar nan.

"Akwai mai magana?" in ji Dakta.

Na miƙe. Mahfuz ya taka mini ƙafa, na zare.

"Ranka ya daɗe, gwaji ɗaya zan yi." Na juya wajen benci. "Iyayena, don Allah wanda katinsa na shaida ya ce ɗaya ga Janairu aka haife shi, ya ɗaga hannu."

Aka shiga zaro kati, ana nuna wa na kusa ya duba. Hannu ya fara tashi, har ya wuce rabin bencin. To ai haka ne, wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ita ake rubuta masa.

Na roƙi Sista Cecilia, nas ɗin da ke gaban kwamfuta, ta shigar da mata biyu na gwaji. Hajja Babayo, ɗaya ga Janairu, mai ciwon suga, ana mata allurar insulin. Sai wata Hajja Babayo, rana ɗaya shekara ɗaya, zazzaɓi kawai ya kawo ta.

"Buɗe ta biyun," na ce.

Fayil ɗaya ya fito. Manhajar ta ɗauka mutum ɗaya ne, ta haɗe su, ga mai zazzaɓi an rubuta mata insulin.

"Yesu!" Sista ta ɗauke hannu daga kwamfutar. "Dakta, da na bi allon nan, ai na kashe matar mutane!"

"Sunayen ƙirƙira ne fa," in ji Mahfuz yana yaƙe. Ya matso kusa da kunnena. "Kin kori kanki."

Shi ke nan, na ce a raina.

Dakta ya laluba aljihu, ya zaro katinsa na ɗan ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Ni ma ɗaya ga Janairun aka rubuta mini," ya ce a hankali. "A kashe abin nan. Ba za a kunna shi a asibitina ba sai mai gwajin nan ta sa hannu."

Mahfuz ya juyo, bai iya haɗa ido da ni ba.

"Malama Juwairiyya, kwana nawa kike buƙata?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, sai kuka ya ƙwace mini.