Gorar Ruwa Biyu a Hawa na Arba'in

Warren Tedesco na tura ƙofar ɗakin taron ya ga gorar ruwa biyu a kan tebur, sai ya gane abin da ke jiransa. Shi ya kafa wannan tsari a bankin shekara tara da suka wuce: in za a sallami babba, a kira shi ranar Talata da hantsi, a ajiye masa ruwa, yana zama kuma a kashe katinsa na shiga ginin. Ya zaunar da mutum sun fi talatin a wannan kujera. Shi ne shugaban sashen cinikin kamfanoni. Ko a makon jiya, daga bayan mota ya buga waya, masana'antu biyu a jihar Ohio suka koma ɗaya.

Hal Brennick, maigidansa wanda tare suka fara aiki suna samari, ya nuna masa kujera bai ɗago kai ba.

"Haba Hal, har da ruwan?" in ji Warren. "Ai da ka sa an kawo mai sanyi."

"Zauna, mutumina. Daga sama aka yanke."

Warren bai zauna ba. Ba aikin ne ya fara zo masa a rai ba, Colleen ce, 'yarsa mai shekara goma sha shida. Tun da suka rabu da uwarta take amsa masa waya da "to" da "a'a". Wata uku yana lallashi kafin ta yarda ta zo yau da sha biyu ta ga ofishinsa, ta ga tagar da kullum yake cika mata baki a kanta. Wannan tagar ce kaɗai hujjarsa a kan duk wasan makarantarta da bai je ba.

"Ba ni awa biyu," ya ce. "Yarinyata na hanya."

"Warren, ka sa ƙafa a ɗakin nan aka kashe katin. Kai ka ce a daina jiran mutum ya zauna. Ka manta, bara?"

Bai manta ba.

Da sha biyu saura yana tsaye a ƙasa wajen masu gadi. Ya hana a sauko masa da kwalin kayansa, kada ta gani. Ya shirya ƙarya har uku: ana fenti, ana taro, na'urar hawa bene ta lalace. Waɗanda da safe suke rige-rigen gaishe shi suna ta wucewa, kowa idonsa a kan waya.

Sai ga ta da jakar makaranta a kafaɗa ɗaya. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Baba, ina katinka? Kai da ko wanka za ka yi yana wuyanka."

Bai faɗi ko ɗaya daga cikin ƙaryar da ya shirya ba.

"Sun kore ni, Colleen. Ɗazu."

"Kai? Ai kai kake kora."

"Yau ni aka kora."

Ya jira ta juya ta tafi, don ba shi da sauran abin nuna mata. Ta ɗaga kai ta kalli ƙofofin na'urar hawa suna buɗewa suna rufewa.

"To tagar, da gaske ana hango kogi?"

"Kaɗan. Sai ka leƙa ta gefe, ka manna kunci da gilashi."

Dariya ta ƙwace mata. "Shekara nawa kana mini kuri!"

Ta cire jakar ta miƙa masa. "Riƙe, ta yi nauyi. Ni fa yunwa nake ji. Kuma kada ka kai ni gidan abincin nan da ake ajiye wa mutum cokali huɗu."

Ya rataya jakar a kan kwat ɗinsa. Har sun kai titi hannunsa na lalubar waya, don ya ga ko wani ya neme shi. Ba wanda ya neme shi.